Baƙin Mai a Farar Rigar Surukina

Ko da ni na so in manta da ranar nan, 'yan kabu-kabun bakin kasuwar Bagudo ba za su bar ni ba. Har yau in na zo wucewa sai wani ya ɗago kai daga kan babur ɗinsa ya ce, "Likita, ya mai jiki? An cire mashi ƙarin ruwan?" Ni kuwa in ɗaga hannu in wuce kamar ban san inda maganar ta dosa ba. To tunda labarin ya riga ya shiga gari, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa, gara in ba da shi da bakina yadda ya faru.

Sana'ata sayar da maganin dabbobi. Ni ba likita ba ne (sunan tsokana ne, ya kuma manne mini), ɗan kasuwa ne kawai mai ɗaure kwali a bayan babur, yau wannan kasuwa, gobe waccan, wani lokaci har cikin rugage. Duk wanda ya san hanyoyinmu ya san abin da yashi ke yi wa sarƙar babur. Ka shafa mata mai yau, jibi ta bushe tana kuka kamar tsohuwar ƙofar kwano. Ni kuma Allah ya yi ni da ƙyuyar durƙusawa in shafa man nan. Ba wai aikin ne mai wuya ba, a'a, hannu ne ke yin baƙi, ni kuwa mutum ne mai son a gan shi fes-fes ko da cikin garke zai shiga.

A kasuwar Dole Kaina na haɗu da abin. Cikin tarkacen kayan babur 'yan Kwatano da wani mutum ya baza a kan buhu na hango wata 'yar kwalbar roba, ba ta fi ta maganin tari girma ba, da siririn tiyo a gindinta irin wanda ake yi wa mara lafiya ƙarin ruwa da shi a asibiti, sai wani ɗan famfo da ake murɗawa. Na tambayi mai kayan, ya yi mini bayani da Hausarsa da ta gauraya da Dendi. Ya ce a ɗaure kwalbar a jikin babur, a cika ta da mai, a kai bakin tiyon kan sarƙa, shi ke nan an gama. Kana tafiya tana ɗiga wa sarƙa mai da kanta, ba ruwanka da durƙuso. Ya ƙara da cewa Turawa masu manyan babura duk da ita suke yawo. Ban tambaye shi ko Turawan nan suna bin hanyar Sharabi da bazara ba. Na saya, na taho gida ina hura hanci sai ka ce ni na ƙirƙiro ta.

Sanda, bakaniken da ke yi mini gyara, mutum ne da ba ya musu da mai babur. Ko cewa ka yi ya mayar da tayar gaba baya, "to" zai ce ya ɗauko sifana. Ya jujjuya kwalbar, ya leƙa ƙarƙashin babur, ya ce, "Murfin sarƙa zai tare tiyon. Ko dai mu huda shi, ko mu cire shi gaba ɗaya. Wanne kake so?" Na ce a cire. Na gaya masa wai don iska ta riƙa shiga ne. Gaskiyar magana kuwa, in an bar murfin nan a rufe, wa zai ga sarƙar tana sheƙi har ya tambaye ni? Sanda ya kwance murfin, ya rataye shi a ƙusa a rumfarsa.

Zan yi wa abin adalci. Da farko ya yi aiki, musamman a kan kwalta. Sarƙa ta yi shiru, kuka ya ɗauke. Duk inda na tsaya sai mutane sun taru suna leƙe. Da haka na haɗa wani ɗan jawabi da nake yi wa masu tambaya, har na haddace shi kamar mai tallar magani a mota: tana hana sarƙa kuka, tana ƙara mata kwana, uwa uba mutum ba ya ɓata hannunsa. In na zo wannan gaɓa ta ƙarshe sai in buɗe tafukana in nuna musu. A lokacin ne 'yan kabu-kabu suka fara cewa na yi wa babur ƙarin ruwa, na ce hassada ce kawai ke damunsu.

Da ɗan man da ya zo da kwalbar ya ƙare (fari ne tas, mai kauri), na nemi irinsa ban samu ba, ko a Dole Kainar. Sai na ce ai mai duk mai ne. Na riƙa karɓar man juye a wajen Sanda, wannan baƙin da ake tsiyayewa daga inji a zubar, ina ɗura wa kwalbar. Na lura kwalin magungunana ya fara yin ɗige-ɗige ta gefen hagu, na sa tsumma na goge na ci gaba da harkata.

Yanzu sai in gabatar da surukina, mahaifin matata Habi. Bafillace ne, yana zaune a wata ruga kusa da Matsinkai, yana noma yana kiwo. Tsakanina da shi kunya ce irin ta surukai, wadda a wurinsu ta fi tamu kauri nesa ba kusa ba. Ba ya kiran sunana. Ni ma ba na kiran nasa (ko a nan ba zan rubuta ba, Baffa kawai zan ce, yadda 'ya'yansa ke ce masa). In na je gaisuwa tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, ni ina kallon ƙasa, shi yana kallon garke. "Lahiya lau." "Madalla." An gama hira ke nan. Ba mu taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba, ba mu taɓa haɗa ido ba.

Lokacin da na nemi auren Habi bai hana ba, amma ba zan ce ya yi murna ba. Abin da ya faɗa wa mahaifiyarta, wanda ya iso kunnena daga baya kamar yadda irin waɗannan maganganu ke isowa, shi ne wai yaron ba shi da laifi, sai dai rawar kai. Kalmar nan ta tsaya mini a rai. Shekaru na yi ina neman hanyar da zan nuna wa dattijon nan cewa ni mutum ne mai natsuwa, amma ta yaya za ka nuna wani abu ga wanda ba ya kallonka?

Sai ga dama ta zo. Za a ɗaura auren 'yar ƙaninsa marigayi a wani ƙauye da ke bakin iyaka, irin ƙauyukan nan da rabin gonakinsu ke cikin Benin, kuma Baffa ne waliyyi. Dangin ango daga can ƙetaren suke, manyan masu shanu, mutanen da ake jin sunansu. Ɗan Baffa da ya saba ɗaukarsa a babur ya bi shanu zuwa fadamar bakin kogi saboda bazara. Habi da mahaifiyarta suka ƙulla abin a tsakaninsu, sai kawai aka sanar da ni cewa ni zan kai shi.

Da safiyar ranar Habi ta tare ni a ƙofar ɗaki ta ce, "Don Allah ka tafi da shi a hankali. Ban da gudu, ban da surutu. Sabuwar riga anka ɗinka mashi don wanga aure, tun da anka kawo ta bai bari kowa ya taɓa ba. In ka kai shi lafiya ka maido shi lafiya, wagga magana ta rawar kai ta mutu."

Na ce ta kwantar da hankalinta.

Na wanke babur har sai da na ga fuskata a jikin tanki. Na murza tayar baya ina saurare, sai na ji kamar sarƙar ta yi wani ɗan ƙii. Wataƙila ma ba ta yi ba, kunnena ne. Amma na ce ina, ba za a yi haka ba, ba zan ɗauki Baffa a kan babur mai kuka ba. Na cika kwalbar da man juye har baki. Na murɗa ɗan famfon. Na tsaya na duba, na ga kamar ɗigon bai isa ba ga doguwar hanya irin wannan, na ƙara murɗawa. Abin da ban yi tunani ba shi ne, man da ke ɗiga a hankali da sanyin safiya, in ranar bazara ta gasa shi ruwa yake komawa.

Na iso rugar rana ta ɗan ɗaga. Baffa ya fito, kuma wallahi ya yi kyau. Farar shadda ce ƙal, babbar riga da 'yar ciki da wando, aikin wuya fari a kan fari, da farin rawani wanda ya saki jelarsa a baya. Na durƙusa na gaishe shi ina kallon ƙasa. Ya amsa yana kallon garke. Na hau babur na tayar, shi ma ya hau.

A nan ne al'ada ta fara aikinta. Duk wani fasinja kan kujera yake zama, a bayan mai tuƙi. Amma Baffa ba zai zauna jikinsa na taɓa jikin mijin 'yarsa ba. Sai ya ja can baya ya zauna a kan kariya, wato ƙarfen nan da nake ɗaura kwali, ya bar fili a tsakaninmu wanda za a iya zaunar da akuya. Da wani ne daban na ɗauka da babbar riga, da tun kafin mu motsa na ce, "Baba, a tattara riga a kan cinya." Kowane ɗan kabu-kabu ya san wannan. To amma ni in buɗe baki in ba Baffa umarni a kan rigarsa? Ban ma waiwaya na ga yadda ya zauna ba. Abin da na yi kawai, na sa hannu na karkatar da madubin hagu ya kalli sama, don kar a yi rashin sa'a idanunmu su haɗu a ciki. Har na yaba wa kaina a zuci da wannan ladabi.

Muka kama hanya. Yashi, kwazazzabo, yashi kuma. Sarƙa shiru kamar ba ta nan, ni kuwa sai godiya nake yi wa mutumin Dole Kaina a raina. Da muka wuce wani busasshen rafi sai na ji Baffa ya yi gyaran murya. Na ce to, gudu ya yi yawa, na rage. Muka ci gaba a haka kamar masu rakiyar gawa. Can gaba ya sake yin gyaran murya, wannan karon da ɗan ƙarfi. Na ce lallai na cika sanyi, dattijo na tsoron kar a makara, sai na ƙara wuta. (Wanda bai sani ba, gwargwadon gudun taya, gwargwadon nisan da sarƙa ke watsa abin da ke jikinta.) Daga nan Baffa bai sake yin gyaran murya ba, na ɗauka na gano saurin da yake so.

A wani ƙauye da muka ratsa, na ga wasu mutane a gindin bishiya suna bin mu da kallo, ɗaya har ya miƙe yana nuni da hannu. Na saba da wannan. Na ce ga wasu kuma sun ga kwalba. Na ɗan gyara zama na miƙe wuya.

Muka isa ana dab da farawa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci ƙarƙashin wata babbar tsamiya, jama'a maƙil, ga babura jere, ga motoci masu lambar ƙetare. Na tsaya a gefe cikin natsuwa, na kafa ƙafa, Baffa ya sauka. Ya gyara rawani, ya ɗaga hannayen rigar ya aza a kafaɗa, ya nufi taron. Sai a lokacin na ɗago kai, tunda ya ba ni baya.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Daga gefen rigar na ƙasa har zuwa kafaɗar hagu, baƙaƙen ɗigo ne jere, manya a ƙasa, ƙanana a sama, wasu sun haɗe sun zama zane. Jelar rawanin ma ta samu rabonta. Ƙafar wandon hagu kuwa ba a maganar ɗigo, ta jiƙe sharkaf da baƙin mai, yashi ya manne a kai, har takalmin yana ƙyalli. Ta gaba kuwa fari ƙal, kamar yadda ya fito daga ɗaki.

Ina ganin ƙafar wandon nan na gane cewa ya sani. Ba yadda za a yi mai mai zafi ya yi ta zuba a idon sawun mutum tun daga Matsinkai bai ji ba. Gyaran muryar nan da ya yi, iyakar abin da kunya ta bar shi ya faɗa mini ke nan, ni kuma na amsa masa da ƙara wuta. Na buɗe baki in kira shi, sai na rasa da me zan kira shi, don ban taɓa kiransa daga baya ba. Na rufe bakin.

Haka ya ratsa taron, kansa a sama. Waɗanda ke gabansa suna miƙewa suna "Sannu da zuwa, sannu da hanya." Duk sahun da ya wuce kuwa sai gaisuwar ta mutu a bakinsu, su bi bayansa da ido, su kalli juna, su kalli ƙasa. Ya je can gaba kusa da liman ya zauna, wato ya ba jama'a duka baya. Da a ce an bar mu da masu kunya kaɗai, da an ɗaura auren an watse kowa yana yin kamar bai gani ba.

Amma akwai Malam Altine. Taubashin Baffa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, tsoho siriri mai sanda, kuma wasan taubasantaka ya ba shi damar faɗa wa Baffa duk abin da ya ga dama a gaban kowa. Ya taso daga inda yake, ya zagayo bayan Baffa, ya sunkuya yana dubawa kamar mai taya saniya.

"Tsaya in gani," in ji shi. "Wanga aiki ina anka yi shi? Birnin Kebbi ko Kwatano? Mu dai waliyyi munka ce a aiko muna, sai ga zabo ya zo."

Dariyar da mutane ke dannewa ta fara fita ta hanci. Baffa bai motsa ba. Malam Altine ya juya ga liman ya tambaya, da murya irin ta mai neman ilimi, ko ya halatta zabo ya ba da aure. Liman, yana ƙoƙarin haɗe fuska, ya ce mai dai ba najasa ba ne, a zauna.

Malam Altine bai zauna ba. Ya bi sawun takalmin Baffa da sandarsa har zuwa inda na ajiye babur, mutane suna biye da shi. Ni a ruɗewar da na yi ban ko tuna na rufe famfon ba. Kwalbar na nan tana ta aikinta a tsaye, ɗis, ɗis, ta yi ɗan baƙin tafki a ƙarƙashin sarƙa.

"Na wa ne wanga babur?"

Na matso ina tsuru-tsuru. Na ce nawa ne.

"A'a, mijin Habi ne ashe. To ɗana, wagga kwalba mi ne amfaninta?"

Ga inda nake so mai karatu ya tausaya mini, ko da yake ban cancanta ba. Kaina ya ɗauke cak. Ba abin da ya rage a cikinsa sai jawabin nan da na haddace. Sai kawai na ji bakina yana aiki ba da izinina ba. Na ce tana hana sarƙa kuka. Malam Altine ya ce, "Madalla." Na ce tana ƙara mata kwana. Ya ce, "Allah ya ja kwananta." Na ce, uwa uba, mutum ba ya ɓata hannunsa. Kuma, Allah na tuba, na buɗe tafukana na nuna.

Jama'a suka kalli hannayena, fes da su. Suka juya gaba ɗaya suka kalli bayan Baffa. Har mutanen ƙetare da Hausarsu ba ta da yawa sun gane wannan. Wani dattijo cikinsu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ni kuwa ina tsaye da tafuka a buɗe kamar mai addu'a, na rasa yadda zan mayar da su.

Sai Baffa ya yi magana. Bai waiwayo ba, bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Altine, zo ka zauna. Ni na saki rigata. Yaron nan gabanshi yake dubi, kamar yadda ya kamata ga mai tuƙi. A ɗaura aure, rana na yi."

Kawun ango, wani Alhaji mai kirki daga can ƙetare, ya raɗa wa wani a kunne, ba a jima ba aka kawo wata babbar riga a ninke, aka miƙa wa Baffa cikin ladabi. Ya dafa ta, ya yi godiya, ya mayar. Ya ce wadda ya zo da ita ta isa. A cikin rigar nan ya ba da auren 'yar ƙaninsa, muryarsa ko rawa ba ta yi ba, matasa na ta ɗaukar hoto da waya ta gaba da ta baya. An raba goro da dabino, ni ban iya karɓa ba.

Ana cikin addu'a na sulale na tura babur bayan masallaci. Na fizge tiyon, na kwance kwalbar, na rasa inda zan jefa ta ba a gani ba, sai na cusa ta a aljihu. Kafin in dawo ta gama tsiyayewa a cinyata. Hannayen da na nuna wa duniya ɗazu suka yi baƙi ƙirin har gwiwar hannu.

Da aka tashi, abin da nake tsoro ya zo. Alhajin nan ya ce ga mota, a mayar da Baffa gida cikin inuwa. Wasu matasa biyu ma suka turo baburansu, masu murfin sarƙa lafiyayye. Na koma gefe na sunkuyar da kai, na riga na sallama. In ya shiga motar nan ba wanda zai ga laifinsa, kuma kowa a wurin zai san abin da hakan ke nufi game da mijin 'yarsa. Labarin zai riga ni isa Matsinkai.

Baffa ya yi wa Alhajin godiya mai tsawo. Sannan ya ce, yana kallon wani wuri can sama da kaina, "Da wanda na zo, da shi zan koma."

Ya tako ya hau kariya, can baya, da filin nan a tsakaninmu. Na ji motsin shadda, na san da kansa yake tattara rigar a kan cinya. Wallahi da zagina ya yi a gaban mutanen nan da ya fi mini sauƙi. Idona ya cika da ƙwalla, ga shi ba halin gogewa da irin wannan hannu.

Hanyar komawa sarƙar ta rama shirun da ta yi. Man da ya yi mata yawa ya kwashi yashi ya zama kamar ƙullu, ta riƙa gurzar haƙoranta, ƙurrr, ƙurrr, tun daga bakin iyaka har ruga. Ba wanda ya yi gyaran murya. Da muka isa ya sauka, na durƙusa, ya kalli garke ya ce, "Allah shi yi albarka. A gaida gida."

Habi ta ga aljihuna tun daga ƙofa. Na ba ta labari ban rage komai ba. Ta dafe kai ta ce, "To kai mi ya hana ka ce mashi ya tattara riga?" Na ce ita ta taɓa jin na ce masa wani abu ban da ina kwana? Ta ce shi ma ai da ya yi magana. Muka kalli juna, muka ga ba inda wannan zance zai kai mu, ta tashi ta ɗora mini ruwan wanka.

Washegari na koma wurin Sanda. Ya sauko da murfin sarƙa daga ƙusa, ya kaɗe shi, ya mayar, bai tambaye ni komai ba. Sarƙar da haƙoranta ba su ƙara wani kwanan kirki ba, sai da aka sake su.

Rigar kuwa an yi fama da ita a ruga, da kananzir, da sabulu, da lemun tsami, baƙin ya ce yana nan. Daga ƙarshe aka kai ta wurin marina aka rina ta shuɗi mai duhu. Bayan an kwana biyu na sa Habi ta bugi cikin mahaifiyarta ta ji ko Baffa ya ce wani abu a kaina. Ta je ta dawo ta ce, "Ya ce kana da kunya." Na ce sai kuma me? Ta ce iyakar abin da ya ce ke nan. Maganar natsuwa dai ba ta fito ba, ban kuma sake aikawa a tambaya ba.

Amma tun daga lokacin, in tafiya ta kama shi, ni yake aiko wa, ko da ɗansa na gida. In na iso in durƙusa, ya fito, ya hau kariya. Kuma ko ina za mu, suna ne ko ta'aziyya ko kasuwa, rinanniyar rigar nan yake sakawa. Yana da wasu fararen riguna, na sani, ina ganin su a jikinsa in wani ne ya kawo shi.

Har yanzu akan sami mai tambayata da gaske ko ya dace ya ɗaura wa babur ɗinsa irin wannan kwalba. Amsata ɗaya ce. In kan kwalta kake yawo, kana da man kirki, kuma ba ka da ciwon son a gani da zai sa ka cire murfin sarƙa, ɗaura abinka, tana aiki. In yashi ne hanyarka irin tawa, durƙusa ka shafa mai da hannu, sabulu bai ƙare a kasuwa ba. In kuma ka nace sai ka gwada, to ka ɗauki fasinjan da in mai ya ɗiga masa zai iya dukan ƙeyarka ya ce ka tsaya. Kar ka ɗauki surukinka.